Mutumin Da Ya Sa Fiyano Ta Yi Magana Da Bakin Ganga

(Jawabin da aka yi wa ɗalibai 'yan hutu a wani taro a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina)



An nemi in yi magana a kan ilmi da al'ada. Ni kuwa na ga ya fi kyau in ɗauko tarihin mutum ɗaya mu auna kanmu da shi. Mutumin shi ne Farfesa Akin Euba, Bayarabe, mai tsara kiɗa a rubuce irin na Turawa, kuma malamin jami'a.

An haife shi a Ikko a 1935. A 1952 ya tafi Landan, ya yi shekara biyar a kwalejin kiɗa ta Trinity yana koyon fiyano da ƙa'idojin tsara kiɗa. Da ya komo a 1957 ya kama aiki a gidan rediyon Nijeriya. To, a nan ne aikin ɗaukar kaɗe-kaɗen gargajiya ya buɗe masa ido, ya gane cewa ya san kiɗan Turawa ciki da bai, alhali gangar ƙofar gidansu baƙuwarsa ce. Bai ji kunyar komawa ɗalibi ba. Ya tafi Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya karanci kiɗan al'ummu, sa'an nan ya zauna gaban makaɗan dundun, wato 'yar'uwar kalangunmu, yana tambaya yana rubutawa. A kan wannan ganga ya sami digirin dakta a Jami'ar Gana a 1974.

Abin da ya gano kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Yarabanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, murya na hawa tana sauka, ma'ana na sakewa. Makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammata, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauka. Ta haka ganga ke kiran sunan mutum da kirarinsa. Euba ya lura cewa ita ma fiyano 'yan guduma ne ke bugun wayoyin cikinta, saboda haka ya riƙa tsara mata kiɗa kamar ganga. A 1970 ya fito da Chaka, wasan waƙa da ya gina kan waƙar Shugaba Senghor na Sanagal, inda ya haɗa kayan kiɗan Afirka da na Turai wuri ɗaya. Ya koyar a jami'o'in Ife da Ikko, ya yi aikin bincike a Bayreuth ta Jamus, daga 1993 zuwa 2011 kuma ya riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Pittsburgh. Ya mutu a watan Afrilu na 2020.

Yanzu mu komo gida. Wannan birni da muke ciki ba matalauci ba ne wajen kiɗa. Fadar Katsina ta san tambari da kakaki da algaita. Ta san Alhaji Muhammadu Sarkin Taushi, wanda ya yi wa Sarki Usman Nagogo waƙa. Ƙasar Katsina ce ta haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Waɗannan mutane masu tsara kiɗa ne, kuma malamai, domin 'yan amshi da makaɗan bayansu a hannunsu suka koya. Bambancinsu da Euba ɗaya ne: nasu ilmin a ka yake, nasa a takarda.

Manazartanmu sun yi ƙoƙari. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a kan Shata a 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu. Amma mun fi mai da hankali ga baitoci, mun bar amon gangar kansa a baya. Littafin nan na 1971 da ya bayyana kalmomin kiɗan Hausa, baƙi biyu ne suka rubuta shi, David Ames da Anthony King, bayan bincike a Zariya da nan Katsina.

Me ya hana ɗayanmu? In za mu faɗi gaskiya, raini ne. Mun ɗauki kiɗa sana'ar roƙo, ɗan boko ba ya zama a tabarmar makaɗi. Ga shi kuwa duk tsohon makaɗin da aka kai kushewa, da wani take yake tafiya wanda ba mai sake bugawa. Faifai yana ajiye sauti, amma ba ya koya wa yaro inda zai sa yatsa.

Saboda haka roƙona ƙarami ne. Kafin hutun nan ya ƙare, kowa ya nemi makaɗi ɗaya a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi sunan kowane take, da wanda ake yi wa, da abin da gangar ke faɗi, ya rubuta. Euba ma da haka ya fara. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.