Idan Mutum Ya Yanke Jiki Ya Faɗi A Gabanmu

 

Maganar da muka kawo yau ta shafi abin da zai iya faruwa gobe a kasuwar Surrey Street, ko a tashar East Croydon, ko a sahun sallah. Mutum yana tafiya, sai ya yanke jiki ya faɗi. Nan take jama'a su yi masa zobe, wani ya yi salati, wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, kowa yana duban na kusa da shi. Ba rashin imani ba ne, kowa dai yana zaton wani ya riga ya kira motar asibiti, ko akwai wanda ya fi shi sani a cikin taron.

Malamanmu sun koya mana farillar kifaya: aikin da idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kuwa babu wanda ya yi, laifin ya hau kan kowa. Ceton rai yana cikinsa. To, a taron 'yan kallo kowa ya ɗauka farillar ta faɗi a kansa, alhali babu wanda ya ɗauke ta. Muddin ba mu ga wani ya durƙusa yana taimako ba, aikin namu ne.

Gidauniyar British Heart Foundation ta ce a kowace shekara sama da mutum 30,000 zuciyarsu ke tsayawa a wajen asibiti a Birtaniya, kuma waɗanda ke rayuwa ba su kai 1 cikin 10 ba. Duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a sa na'ura ba, damar rayuwa na iya raguwa da kashi 10 cikin 100. Asibitin Croydon yana nan kan London Road, amma komai saurin motarsu, mintocin farko suna hannun wanda ke tsaye a wurin.

Manyanmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. A nan Landan kuma, ranar 17 ga Maris 2012, Fabrice Muamba na Bolton, ɗan gudun hijira haifaffen Kinshasa, ya faɗi a filin Tottenham. Nan da nan aka fara danna ƙirjinsa. Wani likitan zuciya, Andrew Deaner, kallo ya zo, amma ya sauko daga cikin 'yan kallo ya shiga aikin. Zuciyar Muamba ta yi minti 78 ba ta aiki da kanta, kuma ya tashi. Rai da ajali na Allah ne, amma an umarce mu da riƙon sababi.

Mun san abin da ke riƙe ƙafar mutanenmu. Na farko tsoron hukuma. A gida mun taso muna jin cewa wanda ya kai mai rauni asibiti shi ake fara tsarewa, har sai da Najeriya ta yi doka a 2017 da ta tilasta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Da yawa daga cikinmu kuma mun sha layi a Lunar House, ba ma son abin da zai haɗa mu da mai kaki. To mu sani, mai amsa 999 abin da zai fara tambaya shi ne ko mara lafiyar yana numfashi, kuma a ina muke. Motar asibiti da sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, mai takarda da mara takarda. Kiran ma kyauta ne, ko babu kuɗi a waya. Wanda Turancinsa bai nuna ba, ya faɗi sunan yarensa, suna da tafintoci ta waya.

Na biyu, tsoron kada mu ɓata abin. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ban da nan. Wanda zuciyarsa ta tsaya, babu abin da ya fi cutar da shi kamar a bar shi. Ko ƙashin haƙarƙari ya tsage, zai warke. Akwai kuma dokar Ingila da Wales ta 2015 da ta ce kotu ta yi la'akari da cewa mutum ya shiga ne don ceton wani a halin gaggawa.

Na uku, kunya: namiji ya taɓa mace, ko mace ta taɓa namiji. Kunya ado ce, amma malamai sun haɗu a kan cewa lalura tana da hukuncinta. Idan akwai mace a kusa da za ta iya, ta yi. Idan babu, kada a tsaya nema. Sauran jama'a su juya baya su yi shinge, a riƙe mayafi ko babbar riga a suturta ta, aikin yana tafiya.

Ga abin yi. Mu duba kada mota ko wani haɗari ya same mu. Mu durƙusa, mu girgiza kafaɗarsa, mu yi masa magana da ƙarfi. Idan bai amsa ba, mu ɗan ɗaga haɓarsa mu duba numfashi, kada ya wuce daƙiƙa 10. Kada mu ce "a kira mota", domin babu wanda zai ji da shi ake. Mu nuna mutum ɗaya: "Kai mai jar hula, kira 999, ka buɗe murya. Ke Hajiya, nemo na'urar zuciya."

Idan ba ya numfashi, ko yana wani gurnani jefi-jefi, zuciya ce ta tsaya. A nan mutanenmu kan ce gargara ce, su fara laƙƙana masa kalmar shahada, su saki hannu. A yi addu'a da baki, hannu yana aiki. Mu ɗora tudun hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kan ɗaya, mu miƙe gwiwar hannu, mu danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Ba sai an hura baki ba. Idan mun gaji wani ya karɓa, kada a tsaya har ma'aikata su iso. Na'urar farfaɗo da zuciya tana cikin akwati mai alamar zuciya da walƙiya. Mai amsa 999 zai faɗi inda take da lambar buɗe ta. Da an kunna, ita za ta faɗi abin yi, kuma ba ta jan wanda bai buƙata ba.

Idan yana numfashi daidai amma bai farfaɗo ba, mu juya shi gefe, mu zauna da shi. Kada a ɗura masa ruwa, zai iya shaƙewa. Mai farfaɗiya kuma kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi. A kare kansa da abu mai laushi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon.

Roƙonmu shi ne, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya gano na'urar da ta fi kusa da gidansa, shagonsa da masallacinsa. British Heart Foundation tana da darasin minti 15 kyauta a waya, sunansa RevivR. A sa yara su buɗe mana, a gwada da matashin kai. Wanda ya faɗi, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ko da warin giya yake, ɗan wani ne, kuma wata rana namu ne zai faɗi a gaban baƙi.

Allah Ya ba mu ƙarfin zuciya, Ya tsare mu da iyalanmu.