Jawabin kwamitin ƙungiya a kan rijiyar gari da karatun yara na bana

Maigari, liman, dattawa, iyayenmu mata, da ƴan'uwanmu da ke bida a Yamai, Kano, Legas, Abijan da Agadas waɗanda wannan takarda za ta iske, muna gaishe ku gaisuwa mai yawa.

Magana biyu munka zo da ita, amma a haɗe suke. Watan Oktoba ya kama, lakwal ta buɗe ko'ina cikin ƙasa, lokaci ya yi da za mu koma karatun zaure da muke yi ma ƙananan ɗiyanmu waɗanda ƙafarsu ba ta kai ga tafiya lakwal ɗin garin maƙwabta ba. Ga shi kuma babbar rijiya ta ƙafe. Guga na sauka, ta dawo da laka.

Mu fara da rijiyar. Dattawa sun san tarihinta. Bayan farin 1973 da 1974 anka gina ta da siminti, aikin OFEDES, ma'aikatar ruwan ƙarƙashin ƙasa da gwamnati ta kafa a 1963. Ta ɗauke mu a yunwar 1984, ta ɗauke mu a 2005. To, rijiyar da ta tsallake waɗannan shekaru ba ta ƙafewa a bayan damina don ƙarancin ruwan sama kawai. Ruwan rijiya mai zurfi ba na damina guda ba ne, na shekaru ne da ya tsuma cikin rairayi. Magina da munka kira sun duba, sun ce buzi na can gindi ya tsage, rairayi na shiga ta wurin, ya cike mazaunin ruwan. Ruwa na nan ƙarƙashi. Sai an yashe, an sake buzi, an zuba tsakuwa kewaye da shi don ta tace rairayin. Wasu sun ce a ƙara mata zurfi gaba ɗaya tunda an taɓa. Mu dai shawararmu ita ce a yi yasa da gyaran buzi yanzu, ƙarin zurfi a bari sai Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya iyakar jansa, don nan ne ake gane inda ya kamata a tsaya.

Kashedi guda, kuma iyaye su riƙe shi. Kada a saukar da yaro cikin rijiyar nan don ya kwaso laka, ko da ya fi kowa ƙarfin hali. Gindin tsohuwar rijiya na tara iska maras kyau wadda ba ta da wari, mutum ya sauka ya suma, wanda ya bi shi ceto shi ma ya suma. Magina na fara saukar da fitila mai wuta, in ta mutu ba mai shiga. Aikinsu ne, a bar musu.

Yanzu lissafin ruwa. Masana lafiya sun ce mutum guda na buƙatar lita 20 a yini don sha, dahuwa da ɗan wanka. Gida mai mutum 10 ke nan tano guda cur na lita 200, wato bido 8 na lita 25, ban da na bisashe. Daga rijiyar maƙwabta ake kawo shi, da jiran layi da komi safiya ta tafi. Wa ke wannan zirga-zirga? Mata da ƴan mata, da yara maza masu kora jakai. Ga kuma girbin hatsi, ga roron wake da cirar gujiya. In munka yi shiru, karatun bana ya mutu tun bai fara ba, kuma ɗiya mata zai fara kashewa, don su ake fara cirewa.

Ga abin da munka tsara tare da malamin allo da samarin da sunka yi lakwal. Karatun allo na asuba da na dare na nan yadda yake, ba mu taɓa shi ba. Karatun boko da muke yi da hantsi, an maida shi bayan La'asar zuwa Magariba, lokacin da jakai sunka dawo. Kwana biyar a mako, ban da ranar kasuwa da Juma'a. Ƙanana za su koyi baƙaƙe da ƙirga da Hausa tukuna, kamin a shiga Faransanci, don yaron da ya iya karanta harshen uwarsa ba ya wahala in ya isa gaban mushe. Ba ma buƙatar kaye da bik da yawa a farko. Allo da alli sun isa, kai ko ƙasa mai laushi da tsinke. Bidon ruwan ma littafi ne: bido 8 a gida guda, gida 3 nawa ke nan? Mun gwada, sun fi saurin kamawa da haka.

Amalanken shanu da ke garin nan, mun roƙi masu su a yi karɓa-karɓa, unguwa-unguwa, manya su riƙa jan su da tano bibbiyu. Amalanke guda na sauke ma yara da yawa tulu. Duk gidan da ya sami ruwan amalanke, sharaɗin shi ne ɗiyansa mata su zo zaure da maraice. Wasu za su ce mun matsa. Mun matsa ɗin.

Sai maganar tabki. Yana da ruwa yanzu, yana kusa, kuma mun ga an fara ɗiba. Kurkunu dai Allah ya raba mu da shi, tun 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida babu shi a Nijar. Amma tsargiya na nan, gudawa na nan, kuma ba mu manta da amai da zawo da ya shiga Madarunfa a 2018, ya sake yaɗuwa cikin jihar Maraɗi da wasu jihohi a 2021 ba. Ruwan tabki na bisashe ne da kwaɓin ƙasa. In tilas ta sa a sha, a tace da tsumma mai tsabta, a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa da ake samu gidan likita. Randar zaure kuwa daga ruwan rijiya kaɗai za a cika ta, da marfi da moɗa guda.

Ƴan'uwa na bida, aikin rijiya kuɗi ne: siminti, ƙarfe, tsakuwa, ladan magina da cimakarsu. Mun kai takarda komin da ofishin ruwa, muna jiran amsa, amma ba za mu zauna jira kawai ba. Kwamiti ya yanka jaka 5 ga kowane mai bida, jaka guda ga kowane magidanci na gida, wanda ba shi da kuɗi ya kawo damen hatsi ko ya ba da yini biyu na jan igiya. Kowane gari ku tara a hannun wakilinku, ya aiko da sunaye, za a karanta su a fili ranar Juma'a bayan salla, a kuma buga su cikin takarda mai zuwa. Mai zuwa gida ya riƙo alli kwali guda da fitila mai cajin rana, don Magariba na saurin yi a watannin ɗari.

Karatu zai fara ranar Asabar mai zuwa a zauren maigari. Iyaye su kawo yara da kansu a ranar farko don a rubuta sunayensu.