Yadda Direba Zai Rage Yawan Tsayar da Shi a Doguwar Tafiya

(Wannan jawabi an shirya shi ne domin a karanta wa direbobi, da yaran mota, da fatake masu kai kaya kudu.)



Batun yau shi ne doguwar tafiya a mota, da yadda direba zai rage yawan tsayar da shi da 'yan sanda da sauran jami'ai suke yi a hanya. A ɗauki misali da motar da ta yi lodin tumatir a Kano za ta kasuwar Mil 12 a Legas. Tafiyar kilomita dubu ce ko fiye. Idan ta bi ta Zariya da Kaduna, ta ratsa Tegina da Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta wuce Ilori da Ogbomosho da Badun, to sai ta taka jihohi bakwai kafin ta sauke. A kowace jiha akwai masu kaki a bakin titi. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Awa ɗaya da aka ɓata a shinge, awa ɗaya ce ta rana a kan kwando, kuma asarar a wuyan manomi da falke take komawa.

Babu direban da zai yi wannan tafiya ba a ɗaga masa hannu ko sau ɗaya ba. Binciken motoci yana cikin aikin jami'an tsaro, kuma ta nan ake kama motocin sata da makamai. Amma akwai motar da ake leƙawa a ce ta wuce, akwai kuma wadda ake cewa ta sauka gefe. Sau da yawa tun a tasha ake rabuwa, kafin a tayar da inji.

Su Wa Ke Kan Hanya?

Ya kamata direba ya san kowa da aikinsa. 'Yan sanda suna neman masu laifi da motocin sata, suna kuma duba lasisi da takardun mota. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lura da gudu, da lodi, da taya, da bel, da yadda ake tuƙi. Jami'an duba lafiyar motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, su ne masu ba da takardar shaidar cewa mota ta cancanci hawa titi. Kwastan suna neman kayan fasa-ƙwauri da motar da ba a biya mata kuɗin fito ba. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tana neman tabar wiwi da ƙwaya. Ban da waɗannan, wasu jihohi suna da nasu masu kula da zirga-zirga, kamar KAROTA a Kano da LASTMA a Legas. Wanda ya san abin da kowannensu yake nema, ya san abin da zai tanada.

Takardun Mota

Abu na farko shi ne lasisin tuƙi. Na shekara 3 ake bayarwa ko na shekara 5, kuma ranar ƙarewarsa tana rubuce a jikinsa. Lasisi aji-aji ne. Wanda yake da na ƙaramar mota ba shi da izinin jan tirela, ko da ya fi kowa iya ta.

Na biyu, takardun motar ita kanta: takardar rajista ta shekara, da takardar mallaka, da takardar lafiyar mota. Idan hannu aka saye ta, a je a yi canjin suna, a riƙe takardar cinikin. Idan daga waje aka shigo da ita, takardar kwastan ta kasance cikin motar. A duba kuma lambar inji da lambar shasi, a tabbata sun yi daidai da abin da ke rubuce. Wanda ya canza inji bai gyara takarda ba, ya jawo wa kansa zargin sata, kuma irin wannan magana a caji ofis take ƙarewa.

Na uku, inshora. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga watan Janairu na 2023 kuɗin ta ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, na motocin haya da na kaya kuma dabam ne. A ranar 1 ga Fabrairu, 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda a duk faɗin ƙasa. A yi hattara da masu sayar da ta bogi a gindin bishiya. A saya wurin kamfani mai rajista, domin yanzu da lambar mota kawai ana iya gano ko inshorar ta gaskiya ce.

Na huɗu, takardun abin da aka ɗauko. Motar fasinja ta riƙe takardar sunayen fasinjoji daga tasha. Motar kaya ta riƙe takardar lodi. Mai ɗauke da shanu ko awaki ya riƙe rasidin kara da takardar malamin dabbobi, don kada a zarge shi da jigilar dabbobin sata.

Duk waɗannan a haɗa su cikin jaka guda, a ajiye inda hannu zai kai nan take. Mako guda kafin tafiya a fito da su a duba ranar ƙarewar kowace. Direban da bai iya karatu ba ya sami wanda ya amince da shi ya karanta masa, domin akwai masu yawo da matacciyar takarda wata da watanni ba su sani ba, akwai kuma waɗanda ake ce wa tasu ta mutu alhali tana da rai.

Abin da Ido Yake Fara Gani

Jami'in da ke tsaye a bakin titi ba ya ganin takarda daga nesa. Mota yake gani. Lambar da laka ta rufe, ko wadda aka ɗaure da waya, ko motar da ba ta da lamba a baya, ita za a fara tarewa. Haka kuma fitila mai ido ɗaya, da fasasshen gilashin gaba, da madubin da ya cire, da hayaƙi baƙi ƙirin daga salansa.

Launin rubutun lamba ma yana magana. Shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati. Motar da ke da shuɗin rubutu amma ta cika maƙil da fasinja da buhuna, kowa ya san kabu-kabu take yi, kuma za a tambaye ta. Baƙin gilashi kuwa, tun 1991 akwai dokar da ta hana shi sai da izini. Wanda ya manna baƙar leda don ado, gara ya ɓare ta kafin ya kama hanya.

Sai taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Idan an ga 2423, ma'anarsa mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta bai suɗe ba. A tanadi safaya mai iska, da jak, da tukunyar kashe gobara wadda ba ta mutu ba, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta lalace. Ganye da duwatsu ba su maye gurbinta.

Babban abin da ke tona asirin mota shi ne lodi. Motar da gindinta ya zauna, but ɗinta a buɗe an ɗaure da igiya, mutum biyu a kujerar gaba, wasu kuma a kan kaya, ba ta da bakin magana a kowane shinge. Abin da direba yake ganin ya samu na fasinja ɗaya ko buhu biyu, kafin ya kai Jebba ya rabar da shi.

Yadda Ake Tuƙi

Dokar hanya ta ƙayyade gudu. A cikin gari, ƙaramar mota da tasi da bas kilomita 50 ne a awa. A babbar hanya 80. A tagwayen hanya, motar gida 100, tasi da bas 90. Tirela da tanka kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tun watan Fabrairu na 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Direba ya lura musamman da garuruwan da titi ya ratsa tsakiyarsu, irin su Mokwa da Ogbomosho, da ƙauyukan da kasuwarsu take ci a bakin kwalta. A nan ake yawan kaɗe mutane, a nan kuma jami'ai suke yawan tsayawa.

Ɗaura bel dole ne, tun 2003 ake kama wanda bai ɗaura ba. Amsa waya ana tuƙi laifi ne. Haka wuce mota a kwana, ko a kan gada, ko a hawan tudu, da bin hannun da ba naka ba don gudun cunkoso.

Gajiya ma tana nunawa. Motar da ke layi a titi, tana cin hannun wasu tana dawowa, ta riga ta kira mai kaki. Shawarar hukuma ita ce a huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa 4 ta tuƙi. A tafiya irin ta Legas gara a yi direba biyu. Tiramol da gadagi da sauran abubuwan da ake sha don hana barci ba su hana shi, ɓoye shi suke yi har ya zo a lokacin da ba a shirya ba. Ga shi kuma idan an sami ƙwayar a aljihu, magana ta tashi daga laifin hanya ta koma hannun NDLEA.

Akwai kuma saƙo. Kada direba ya karɓi ƙunshi ko kwali daga wanda bai sani ba, sai an buɗe a gabansa, an kuma rubuta sunan mai shi a tasha. Duk abin da aka samu cikin mota, direba za a fara tambaya.

Tafiyar dare ita ma tana ƙara bincike, domin da dare ɓarayi suka fi motsi. Inda hali ya yi, a yi sammako a yada zango kafin duhu. A kuma tambayi direbobin da suka dawo jiya halin da hanya take ciki, tun da wasu hanyoyin, kamar ta Birnin Gwari, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma akan sami miyagu su kafa shinge cikin kayan sarki.

Idan An Ɗaga Hannu

Da zarar direba ya hango shinge, ya rage gudu tun daga nesa, ya kashe rediyo, ya sauke gilashi. Idan dare ne ya rage hasken fitilar gaba, ya kunna ta ciki. Idan an ce ya tsaya, ya sa sigina ya sauka gefe sosai. Kada ya juya da baya, kada ya taka wuta, domin mutumin da ke gabansa yana riƙe da bindiga, kuma an sha rasa rayuka a kan haka.

Ya yi gaisuwa, ya bar hannuwansa inda ake ganinsu, ya amsa abin da aka tambaye shi kawai: daga ina, zuwa ina, me aka ɗauko. Maganarsa da ta yaron mota su zo ɗaya. Idan za a bincika but, ya fito ya tsaya a kai. Fasinjoji su kama bakinsu, don sau da yawa direba yana dab da wucewa sai wani daga baya ya yi baƙar magana a riƙe kowa.

Saura batun na goro. Kowa ya san ana yi, ɓoye shi ba shi da amfani. Amma dokar hana cin hanci ta shekarar 2000 ta kama mai bayarwa kamar yadda ta kama mai karɓa. Direban da tun daga nesa ya naɗe kuɗi yana miƙo hannu, ya nuna cewa akwai abin da yake tsoro, gobe kuma an gane motarsa. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Idan da laifi, a nemi takardar tara. Tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra a asusun gwamnati ake biyanta, ba a hannun jami'i ba. Idan babu laifi aka riƙe mutum, kada ya yi kokawa ko zagi. Ya lura da sunan jami'in a ƙirjinsa, da lambar motarsu, da wurin, da lokaci. Bayan ya wuce ya kai ƙara wurin DPO na yankin, ko sashen karɓar koke-koken jama'a da rundunar 'yan sanda ta kafa a 2015, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyarsu ta direbobi. Idan haɗari aka yi ko aka tarar, lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kuma kyauta ce.

Jan Hankali ga Masu Motoci da Fatake

Nauyin nan ba a kan direba kaɗai yake ba. Mai motar da ya ƙi sabunta takardu, ya ƙi sayen taya, sannan ya yanka wa direba kuɗin da zai kawo, shi ne ya tura shi hannun hukuma. Falken da ya matsa a ƙara kwanduna, ko ya ce lallai a shiga Legas kafin asuba, shi ma yana da hannu. Kuɗin inshora sau ɗaya ake biya a shekara. Lodin tumatir guda da ya kwana a caji ofis ya ninka su sau da yawa.

Saboda haka, jama'a, wanda yake da tafiya a wannan wata ya fito da jakar takardunsa yau ya duba, ya zagaya motarsa ya duba taya da fitila da lamba, ya gyara abin da ya samu tun yana gida. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.