Shagon da Ba Ya Bakin Hanya



Ranar da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana a kan yadda mai ƙaramar sana'a zai jawo masu saye ta hanyar intanet, sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis. Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, kuma tsarin mulkin 1999 bai yarje mini gudanar da wani kasuwanci ba, in ban da noma. Daɗin daɗawa, ga malaminmu na darasin kasuwanci nan zaune a sahun gaba, ya san makin da na ci a hannunsa. Amma na karɓa, domin akwai asarar da na jawo wa gidanmu a kan wannan batu, gara kuwa in faɗe ta da bakina kafin waninmu ya maimaita.

Waɗanda muka yi aji ɗaya da su sun san Yayata da ke aure a Zauro, wadda takan aiko mini da ƙulli lokacin muna makaranta. Sana'arta gumi. Takan sayi shanshera daga manoman fadama, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe, ta sayar wa 'yan sari da ke zuwa har ƙofar gida. Su suke yanka farashi, ita kuwa sai abin da suka ce. Ana nan sai sunan shinkafar Kabi ya fita. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a nan Birnin Kebbi. A 2016 jiharmu da Legas suka fito da Lake Rice. A 2017 aka buɗe katafaren kamfanin casa na WACOT a Argungu, a 2019 kuma aka rufe iyakoki, 'yar waje ta yi wuya. Sai na ce a raina, ai suna ya riga ya tafi, abin da ya rage wa Yaya shi ne ƙofar da mutumin Legas da na Abuja zai shigo ya same ta ba tare da dillali ba.

Na lallashe ta ta ba ni kwasar adashinta guda. Na kai wa wani yaro mai ilmin kwamfuta, ya tsara mana shafi na gani na faɗa: ga tambari, ga hoton gona kore shar wanda ya samo ban san daga ina ba, ga Turanci mai nauyi a kan ingancin abincin gargajiya. Na koma gida ina taƙama. Wata uku cur, jama'a, ko mudu ɗaya ba mu sayar ta wannan shafi ba. Da yaron ya nuna mini lissafin waɗanda suka leƙa, mutum arba'in da 'yan kai ne, kuma na tabbata rabinsu ni ne, don kullum in na idar da aiki sai na buɗe in gani. Ranar da na je Zauro gaisuwa, Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ƙanena, wanga shago da kag gina min, wace hanya ta ka bi ta gabanai?" Na rasa amsa.

Tambayar nan tata ita ce dukan abin da na zo da shi yau. Wanda ya kafa rumfa a bakin titin Argungu, ko bai yi talla ba, motocin Sakkwato za su wuce ta gabansa. Shafin intanet kuwa babu mai wucewa ta gabansa. Mutum ba ya isa can sai ɗayan uku: ko an ba shi adireshin, ko wani wuri da ya riga ya sani ya tura shi, ko ya rubuta abin da yake nema a Google aka nuno masa. Mu ba mu yi ko ɗaya ba.

Bari in ɗan tsaya a kan na ukun, don a nan aka fi ruɗin mutane. Google yana bi yana karanta kalmomin da ke shafi, yana kuma duba ko akwai wasu shafuka da suka yi nuni zuwa gare shi. Sabon shafin da babu mai ambatonsa tamkar baƙo ne da ba shi da mai masauki. Sannan kalmomin su kansu. Matar da ke Kaduna tana neman ta tuwo ba za ta rubuta ingancin abincin gargajiya ba. Abin da za ta rubuta shi ne shinkafar tuwo, ko 'yar Kabi, ko farashin buhu, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Turanci, sau da yawa ma a gauraye. Shafinmu ko sunan Zauro babu a cikinsa, balle Birnin Kebbi. Abin da muka fara gyarawa ke nan. Muka share dogon Turancin, muka rubuta abin da muke sayarwa da sunan da ake kiransa a kasuwa, da inda muke, da garuruwan da muke iya aikawa. Muka kuma sa gidan a taswirar Google, wanda kyauta ne.

Na biyu, nauyi. Wanda ya tsara shafin a babbar kwamfuta ya duba shi, cikin gari, inda sabis ke da ƙarfi. Masu sayenmu kuwa da waya suke buɗewa, suna lissafin data kamar yadda ake lissafin kananzir. Manyan hotunan nan kafin su buɗe mutum ya gaji ya tafi. Muka cire su, muka sa hotuna huɗu da ɗan Yaya ya ɗauka da wayarsa: tukunyar gumi a kan wuta, shanya a tsakar gida, shinkafa a tafin hannu, da buhu ɗinkakke. Ba su da kyau kamar na farko, amma wanda ya gani ya san akwai mutum a bayansu.

Sai maganar farashi, wadda muka daɗe muna jayayya da Yaya a kai. Ita a ganinta ɗan kasuwa ba ya bayyana kuɗin kayansa kafin a taya, kuma a kasuwar Ambursa gaskiyarta ne. Amma wanda ke nesa ba ya da damar ciniki ido da ido. In ya ga an ce a kira a ji farashi, sai ya ɗauka za a duba muryarsa ne a yanka masa. Daga baya ta yarda muka riƙa sa farashin buhu da na rabin buhu, tare da ranar da aka sa shi, tunda kun san yadda kuɗin kaya ke tashi tsakanin kaka da bazara. A ƙarƙashi kuma lambar waya guda, wadda in an taɓa take kai mutum WhatsApp kai tsaye. Bilhasali a WhatsApp ake ƙulla cinikin. Amfanin shafin shi ne yana nan daram, alhali abin da aka sa a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace.

To, duk da wannan gyara, masu saye na farko ba Google ya kawo su ba. Kunya ta sa ban taɓa gaya wa kowa a zauren ajinmu na WhatsApp cewa muna da shafi ba. Ranar da na daure na sa, wata 'yar ajinmu da ke aikin jinya a Abuja ta sayi rabin buhu, ina jin don ta taimaka mini ne kawai. Ta dafa, ba ta ci karo da tsakuwa ba, ta gaya wa abokan aikinta. Daga wannan asibiti kaɗai yanzu akwai gida shida da ke saye duk wata. Mun kuma buga adireshin da lambar waya a jikin buhu, domin buhu yana shiga ɗakin girkin da ni da ku ba za mu taɓa shiga ba, kuma bayan shinkafa ta ƙare akan zuba masa gero ya ƙara shekara.

Na taɓa gwada tallan kuɗi a Facebook. Yana da amfaninsa, don yana ba ka dama ka zaɓi garin da kake so a ga tallan. Ni da ban sani ba na bar shi a buɗe, Nijeriya duka. Masu leƙe suka yi yawa har na fara murna, aka yi ta danna alamar so, masu tambayar ko muna ɗaukar ma'aikata suka cika waya, ba a sayi komai ba. Wanda zai yi, ya taƙaita shi ga gari ɗaya ko biyu da yake da motar aikawa, ya kuma ƙirga buhun da ya fita, kada ya ƙirga masu leƙe. Masu zuwa su ce za su sayar muku da mabiya dubu kuwa, ku ba su ruwa su sha su wuce.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne yarda. Ku tuna mutum ne zai tura kuɗinsa ga wadda bai taɓa gani ba, a garin da bai san inda yake ba, a zamanin da kowa ya san wani da aka damfara. Mun yi wa sana'ar rajista a hukumar rajistar kamfanoni, aka buɗe asusun banki da sunan sana'ar, don sunan da ke shafi ya zo daidai da wanda mai saye zai gani lokacin tura kuɗi. In an ɗora kaya a tasha, akan ɗauki hoton buhun a cikin mota, a tura masa da lambar direba. Yardar kuma ta kowane ɓangare ce: sau ɗaya aka turo mana saƙon banki na jabu, buhu biyu suka tafi. Tun daga ranar ba a ɗora kaya sai an duba asusu an ga kuɗi sun zauna. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, duk da wahalar da ya ba mutane, ya koya wa 'yan ƙauyenmu da yawa karɓar kuɗi ta waya, har da manoman da Yaya ke saye a hannunsu.

Wani gargaɗi da na saya da tsada: sunan shafi haya ne, duk shekara ake sabuntawa. Yaron da ya yi mana aiki da sunansa ya yi rajista, da imel ɗinsa. Da shekara ta zagayo ya tafi bautar ƙasa, ya canja lamba, shafi ya rufe mako uku, ga kuma buhuna ɗauke da adireshin suna yawo a gari. Duk wanda zai yi muku, ku zauna kusa da shi ku ga an sa sunanku da lambarku.

Kada in bar ku da zaton Yaya ta yi arziki. 'Yan sari har yanzu su ke ɗaukar mafi yawan kayanta. Bambancin shi ne yanzu in sun taya da wulaƙanci tana iya cewa albarka, don tana da wata ƙofa. Kuɗin adashinta kuwa sai a shekara ta biyu suka dawo. Akwai ma matsalar da ba mu warware ba: wani mai gidan abinci ya nemi buhu talatin duk wata, tukwanenta ba za su iya ba, ni ina ganin ta haɗa kai da maƙwabtanta mata, ita kuma tana tsoron a zuba mata mai tsakuwa a buhun da ke ɗauke da sunanta. Har yanzu ba mu ba shi amsa ba.

Malam Shugaba, ina da roƙo guda. A cikin ɗakin nan akwai mai sayar da busasshen kifin Argungu, akwai mai albasar Aliero, akwai masu ɗinki, kuma yawancinmu ba mu san da juna ba. Ina ba da shawara mujallarmu ta ware shafi guda na sana'o'in 'yan ƙungiya da iyalansu, kowa da garinsa da lambarsa, wanda ke da shafin intanet kuma ya sa nuni zuwa na ɗan'uwansa. Na zo da takarda da biro, ina bakin ƙofa bayan an ci abinci, ga duk mai son a rubuta shi. Malamanmu da suka yi ritaya suka kama sana'a, da ku za mu fara.