Dalilin Kantarewar Ƙarfe Tsakanin Wuta da Ruwa



Duk wanda ya san yadda rayuwar ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum ta rataya a kan ƙarfe, tun daga garmar manomi a fadamun Gulbin Zamfara har zuwa diga da kurfin masu haƙar zinariya a Bagega da Dareta, ba zai raina mas'alar da muka taru dominta ba, wato dalilin da ke sa maƙeri ya ƙera adda miƙaƙƙiya, ya tsoma ta a ruwa don ta yi tauri, ta fito a kantare, wani lokaci ma a tsage.

Illa ta farko ita ce saɓanin sanyaya. Bakin adda siriri ne, bayanta kuwa kakkaura, saboda haka baki yakan huce ya tsuke alhali baya yana nan jajawur, sai sashe ya ja sashe. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Idan aka gasa ƙarfe har ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Salsiyas, inda maganaɗisu ya daina kama shi, sa'an nan aka sanyaya shi farat ɗaya, tsarin cikinsa yakan juye ya zama wani nau'i mai tauri da gautsi, wanda aka raɗa wa sunan Bajamushen masani Adolf Martens, kuma a cikin juyewar nan yakan kumbura, har kusan kashi 4 cikin 100. Ta uku ita ce wahalar da ƙarfen ya riga ya sha, domin galibin abin da ake ƙira da shi yau tsohon sifirin mota ne, wanda ya daɗe yana ɗaukar kaya kafin masaba ta sauka a kansa.

Magani kuwa, ya 'yan'uwa, adalci ne da haƙuri. Bayan an gama duka, a gasa ƙarfen a bar shi ya huce a iska. Sa'an nan a shimfiɗa gawayin ƙirya a sake gasa shi yadda ja zai game shi bai ɗaya. A tsoma shi a tsaye, ana motsa shi sama da ƙasa kurum. Sifiri kuwa mai ya fi dacewa da shi, domin ruwa yakan gaggauta. Daga nan a goge shi, a ɗumama shi sannu a hankali har ya yi launin kara, wajen digiri 230, don gautsin ya ragu.

Maƙeran takubba na Japan sun mallaki wannan ilimi har suna shafa yumɓu mai kauri a bayan takobi, su sami lanƙwasar da suka yi nufi. Ashe abin da ake iya sarrafawa haka, wajibi ne a koyar da shi ga almajiran maƙera da ɗaliban makarantun fasaha.

Allah ya sanya albarka a ƙira, sana'ar Annabi Dawuda, alaihis salam.