Jawabin Buɗe Ɗakin Kwamfutoci na Binciken Magunguna





Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Tun da aka fara shigo da na'urorin nan ake tare ni da tambaya: "Malam, me ya haɗa kwamfuta da magani?"

Yawanci magani ba ya ci sai ƙwayarsa ta zauna daram a wani gurbi na jikin furotin, kamar mabuɗi a kwaɗo. To amma wannan mabuɗin yana lanƙwasa, yana juyawa. In an ce a gwada kowane irin zama ɗaya bayan ɗaya, sai furfura ta fito ba a gama ba.

Dabarar da za mu bi, manomi ya riga mu saninta. Kwamfuta za ta watsa ɗaruruwan zato kamar iri, ta auna kowanne, ta ware nagari, ta gauraya su, ta ɗan sauya su, ta sake shukawa. Kaka bayan kaka, iri yana gyaruwa. Ingo Rechenberg da Hans-Paul Schwefel sun fara gwada wannan hanya a Jami'ar Fasaha ta Berlin a shekarun 1960, suna ɗalibai kamarku.

Inda gizo ke saƙa shi ne girman sauyin. Dogon taku ya tsallake amsa, gajere kuma ya kwana a hanya. Rechenberg ya kafa ƙa'ida: in fiye da gwaji 1 cikin 5 ya yi nasara, a ƙara tsawon taku, in bai kai ba, a rage. Schwefel ya zarce nan, ya sa tsawon takun a cikin irin kansa, ta yadda mai kyakkyawan taku zai gadar wa 'ya'yansa. Ku dubi makaho da sandarsa: a fili yana sakin ƙafa, da ya ji bakin rijiya sai ya taƙaita, ba wanda ya ce masa.

Irin wannan zaɓen iri ya yi 'ya'ya. A 1995, a Iowa ta Amurka, masana Deaven da Ho sun ba kwamfuta ƙwayoyin zarra 60 na kabon a warwatse, ta jera su da siffar ƙwallon ƙafa, daidai yadda suke a zahiri. A 1998 masu binciken cibiyar Scripps suka sa dabarar a manhajar AutoDock, wadda za ku riƙa tantance sinadaran yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da ita.

'Ya'yana ɗalibai, abin da kwamfuta ta ba ku zato ne mai ƙarfi. Gani ya kori ji, sai ɗakin gwaji ya tabbatar. In gwajinku ya yi ta faɗuwa, ku rage taku. In kuma kullum nasara kuke, to kun cika taka-tsantsan, ku saki ƙafa.

Da sunan Allah nake buɗe wannan ɗaki. Allah Ya sa a amfana da shi, Ya mayar da kowa gida lafiya.