Tantance Shekarun Garmaho da Kayansa na Asali

Abin da wannan lacca take son tabbatarwa shi ne cewa da yawa daga cikin shekarun da ake liƙa wa tsofaffin garmaho a ɗakunan ajiya da gidajen sarauta da shagunan dillalai ba su da madogara, domin an ɗora su ne a kan hoton karen da ke jikin akwati da kuma abin da magada suka faɗa, alhali shaidar da za a iya kafa hujja da ita tana cikin ƙarfen na'urar, a ƙarƙashin farantin da faifai yake juyawa a kai, inda ba kasafai ake leƙawa ba. Tarihin farko sananne ne ga wannan zaure: Thomas Edison ya fito da na'urarsa mai naɗar sauti a kan silinda a 1877, Emile Berliner kuma ya yi rajistar tasa mai shimfiɗaɗɗen faifai a 1887, kuma wannan ta biyun ce Hausawa suka sani da garmaho.

Hoton kare mai sauraron ƙaho, wanda Francis Barraud ya zana kuma kamfanin Gramophone na Landan ya saya a 1899, shi ne shaida mai rauni mafi yaudarar mutane. Kamfanin Victor na Amurka, wanda Eldridge Johnson ya kafa a 1901, ya yi amfani da shi tun da wuri, amma kamfanin Landan ya ci gaba da tambarinsa na mala'ika mai rubutu a kan faifai, kuma karen bai hau fayafayansa na Ingila ba sai a 1909. Tambari kuwa takarda ce da ake mannawa, ana buga sabuwa har yau, don haka ganinsa ba ya nuna shekara, ba ya ma nuna kamfani. Haka nan shekarar rajistar ƙira da ake bugawa a jikin ƙarfe iyaka ce ta ƙasa kurum: na'urar da aka rubuta wa 1906 ba ta girmi 1906 ba, amma tana iya zama ta shekara goma sha biyar bayan haka, tunda kamfanoni sun riƙa buga tsofaffin lambobinsu muddin haƙƙinsu bai ƙare ba.

Inda ya kamata mai bincike a wannan yanki ya fi zama shi ne kan garmahon tafi-da-gidanka, wato mai kama da ƙaramin akwatin tafiya, wanda ƙahonsa yake naɗe a ciki. Layin dogo ya iso Kano a 1911, garmahon Decca mai akwati ya fito a 1914, kuma a lokacin da aka naɗi waƙoƙin Afirka ta Yamma a Landan a kan fayafayan Zonophone tsakanin 1927 da 1930, har da na Hausa, mai akwatin ne ya riga ya zama na matafiyi da ma'aikaci. Samfura biyu na His Master's Voice, wato tambarin karen nan na kamfanin Gramophone, sun isa su koyar da dukan hanyar. Samfurin 101 ya fito a 1925, kuma na farko-farkonsa a gaban akwati ake zura hannun da ake yi masa wani, daga baya aka mayar da ramin gefe, don haka wurin ramin kaɗai yana raba na farko da na baya. Kan sautinsa, wato ɗan kurtun da ake ɗaura wa allura, shi ne mai lamba 4, kuma tantaninsa, wato siririn fallen da ke karkarwa ya haifar da sauti kamar fatar kalangu, na mika ne, wani dutse mai ɓarewa falle-falle wanda ake hango abin da ke bayansa. Samfurin 102 ya gaje shi a 1931, shekarar da kamfanin Gramophone da na Columbia suka haɗe suka zama EMI, kuma tantaninsa na alminiyom ne mai ƙwarya-ƙwarya, a ɓoye bayan murfin ƙarfe mai huda-huda.

Matsalar 102 ita ce an yi ta ƙera shi har ƙarshen shekarun 1950 ba tare da kamanninsa na waje sun sauya sosai ba, ta yadda wanda ya rubuta "102" a katin bayani bai faɗi kome ba sai tazarar kusan shekara 30, wadda ta haɗa zamanin En'e da jajibirin 'yancin kai. Kan sautin ne yake rage tazarar, domin na farko sun zo da mai lamba 16, sannan 5A, sannan 5B, kuma ɗan allon da ke ɗauke da lambar samfuri da harafinta yana ƙara matse ta idan an ɗaga faranti an karanta. Launin ƙarfen ma yana magana: rufin nikel yana da ɗan ɗorawa-ɗorawa kuma yana dusashewa, rufin kurom kuwa yana da shuɗi-shuɗi, kuma bai yaɗu ba sai ƙarshen shekarun 1920. Idan aka ga kan sauti mai lamba 4 a kan 102, ko 5B a kan 101 mai rami a gaba, to hannu ya taɓa na'urar, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, tunda kan sauti da murɗa ɗaya ake cire shi, shi ne kuma abin da ya fi saurin faɗuwa ya lalace. Wasu ƙarafan ƙarshen shekarun 1920 da aka zuba da gamin tutiya suna kumbura su tsage da kansu ko ba a taɓa su ba, wanda ya sa musanya ta zama tilas ga mai garmaho tun yana sabo-sabo.

Saboda haka babban mai shaida shi ne injin da katakon da aka ɗaure shi a jiki. Idan aka kwance sukurorin aka juya katakon, za a ga gangar sifirin da ke tara ƙarfin wani, da gwamna, wato ƙananan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa idan gudu ya yi yawa su riƙe faifai a kan juyi 78 a minti, da tsohon giris da ya daskare ya yi baƙi kamar kwalta, wanda shi ke sa a ji wani gum daga ciki yayin da faifai yake juyawa. Abin dubawa shi ne ramuka. Injin asali yana zama daram a kan ramukan da aka huda masa a masana'anta, kuma hannun wani yana shiga ba tare da an faɗaɗa masa hanya ba. Idan kuwa aka ga wani rami babu sukuru, ko wanda aka cushe da garin katako da gam, ko inuwar wani inji daban a jikin fentin, to an dasa wani. Sunan da ke jikin injin shi ma a karanta shi da hankali, domin Thorens da Paillard na garin Sainte-Croix a Suwizalan, da Garrard na Swindon a Ingila, sun sayar wa masu harhaɗa garmaho da yawa injuna, kuma sunansu ba sunan mai akwatin ba ne.

Da wannan ma'auni ake kama jabun da suka cika kasuwa, masu ƙaton ƙahon tagulla mai walƙiya da kare a gaba, waɗanda akasari a Indiya ake harhaɗa su da injunan tsofaffin garmahon akwati. Hannun waninsu yakan fito a karkace yana kallon sama, domin an ƙera injin ne don akwatin da ke zaune dab da tebur. Gwiwar ƙahon takan zama bututu biyu da aka yanka aka like da dalma, maimakon lanƙwasa guda mai santsi. Sau da yawa kuma akan tarar da sukuru mai kan gicciye, wanda bai shigo masana'antu ba sai shekarun 1930, a jikin abin da aka ce na 1905 ne. Gaskiya ne an ci gaba da ƙera masu ƙaho na ainihi don kasuwannin ƙasashen mulkin mallaka bayan Turai ta yi watsi da su, amma wannan hujja ce ta a buɗe a duba, ba ta wanke kowane mai ƙaho ba.

Wasu abokan aiki suna cewa wannan hanya raini ce ga tarihin baka. Magaji yana da gaskiya a kan wanda ya mallaki abin da wanda ya ba shi, kuma a nan ba a ja da shi, amma bai taɓa ɗaga faranti ba, kuma gidan da ya yi garmaho uku a shekara arba'in yakan haɗe labarinsu a kan wanda ya rage. Masu cewa tunda yana kiɗa shi ke nan ba su buƙatar amsa a zauren ilimi.

Abin da ya kamata hukumomin gidajen tarihi su yi ba mai tsada ba ne. A daina rubuta shekara guda a kati, a rubuta tazara tare da dalilinta, kuma a ba akwati da inji da kan sauti kowanne layinsa, da hoton ƙarƙashin katako kafin a taɓa kome. A hana goge ƙarfe da yashi ko toka, a hana sake fenti, domin da su ake share lambobi. Kayan da mai gyaran agogo ko mai gyaran keken ɗinki ya dasa tun zamanin da ake amfani da na'urar a bar su inda suke, a bayyana su, domin su ne kaɗai ɓangaren garmahon da aka yi a ƙasar nan. Zoben robar da ya bushe a kan sauti kuwa ana iya sabunta shi, muddin an adana tsohon a ambulan mai lambar na'urar. Kada a bar wanda bai saba ba ya buɗe gangar sifirin, domin idan ta kuɓuce tana iya datse yatsa, kuma kada a ɗora faifan tarihi a ƙarƙashin allurar da ta riga ta yi fuska ɗaya, domin allurar ƙarfe ta kiɗa guda ce, bayansa kankare faifan take yi.